Zancen Gida: Rabin Waƙa

Ran nan da dare aka ɗauke wuta, muka fito tsakar gida, ga farin wata tar. Sai Uwargida ta soma rera wata waƙar gaɗa a hankali, irin wadda 'yan mata sukan yi a dandali, ana tafi, ɗaya ta faɗa da baya, sauran su cafe ta. Nan da nan muka ji kanmu a ƙauye lokacin kaka, ƙafafu duk ƙura, Inna tana ƙwala kira tuwo ya huce.

Da ta kai tsakiya sai ta yi shiru. Sauran waƙar ya ɓace mata. Muka yi ta lalube tare, ba mu samu ba. Yaranmu kuwa suna kallonmu kawai, ba wanda ya san amshi.

Waƙoƙin sujada sun yi sa'a, gama suna cikin Littafin Waƙoƙi. In ka manta baiti, sai ka buɗe lamba. Amma na reno da na gaɗa, a gidajenmu ba su da littafi sai bakin tsofaffi. Goggon da ta san waƙar nan duka, bara muka binne ta.

Mukan yi gunaguni, wai waya ta cinye yara. Ba ƙarya ba ne. Amma mu fa, yaushe rabonmu da rera musu ko ɗaya?

Ran Asabar za mu kai su wurin kakarsu, da littafin rubutu da biro. Mun aika mata, ta ce ba ta waƙa da bakin banza, a zo da goro.