Damuwar mai juna biyu da lafiyar jariri: darasin da Yauri za ta ɗauka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na masu juna biyu a ƙasashe masu tasowa suna fama da matsalar tabin zuciya, galibi tsananin damuwa. Wani bincike da Atif Rahman ya jagoranta a Rawalpindi ta Pakistan, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna cewa jariran irin waɗannan iyaye sun fi yawan rama. Sai dai zuwan abubuwa biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Sau da yawa akwai dalili na uku a ɓoye.

Masarautar Yauri misali ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sanya Kebbi a gaba wajen zazzaɓin cizon sauro tsakanin ƙananan yara, da kashi 52 cikin ɗari. Wannan cuta tana jawo wa mai ciki ƙarancin jini da kasala, waɗanda ake iya ɗauka alamun damuwa ne, tana kuma rage nauyin jariri. Matar masunci a tsibiran Tafkin Kainji, wadda sai ta hau kwalekwale kafin ta kai asibitin Yelwa, kan rasa awon ciki. Haɗarin jirgin ruwa na Warra a Ngaski da sace ɗaliban Birnin Yauri, duk a 2021, sun bar fargaba a gidaje da dama. Talauci da nisa da tsoro suna taɓa uwa da ɗanta a lokaci guda.

Rahman ya wallafa sakamakon wani gwaji a 2008, inda ma'aikatan lafiya mata suka riƙa ziyartar masu ciki suna ba su shawara. Damuwa ta ragu ƙwarai, gudawar jarirai ta ragu, rigakafi ya ƙaru, amma nauyi da tsawon yaran ba su sauya sosai ba.

Abin lura ga mahukuntan Kebbi shi ne, kula da zuciyar uwa wajibi ne, amma ba zai maye gurbin gidan sauro da maganin ƙarin jini da abinci mai gina jiki ba. Ɗora wa uwa laifin ramar ɗanta kuwa ƙara mata nauyi ne kawai.