SHARHI: Tsadar ƙaramin batirin motocin haibirid da tambayar da Zamfara ba ta yi ba tukuna: ina tsohon yake zuwa?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, lissafin duk mai mota a Najeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Oktoban 2024 kuma ta zarce naira 1,000. A Anka da Gummi da Bukkuyum, inda tankar mai ke isowa bayan doguwar tafiya a hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, farashin kan ɗara na manyan birane.

Wannan ne ya sa hankalin masu hali ya karkata ga motocin da ke haɗa fetur da lantarki, waɗanda ake kira haibirid, irin su Toyota Prius da Camry, galibinsu 'yan Kwatano. Suna da tsimin mai ƙwarai. Sai dai akwai wani ƙaramin abu a cikinsu da dillali bai cika ambata ba ranar ciniki, wato batiri mai bolt 12. Ranar da ya mutu, motar ba ta ko motsi, komai lafiyar sauran sassanta. Neman madadinsa a farashi mai sauƙi kuwa ya taɓo darajar naira, da tsaron hanya, da ingancin kayan da ke shigowa ƙasa, da kuma gubar dalma, wadda babu yankin da ya san zafinta kamar yammacin Zamfara.

Batiri biyu a mota ɗaya

Motar haibirid batiri biyu gare ta. Babban shi ke juya injin lantarki, kuma a Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 ƙarfinsa ya ɗan haura bolt 200. Ƙaramin, mai bolt 12, ba ya buga kik kamar na sauran motoci. Aikinsa shi ne ya tayar da kwamfutocin motar, ya haɗa makunnan da ke sakin wutar babban batiri, sai alamar READY ta bayyana a gaban direba. Motar ba ta da altaneta. Wata na'ura ce ke rage ƙarfin wutar babban batirin ta riƙa cajin ƙaramin muddin motar tana kunne.

Idan ƙaramin batiri ya yi rauni, kwamfutar motar kan rikice ta kunna fitilun gargaɗi iri-iri. A nan ne mai mota ke shiga haɗarin asara, domin bakaniken da bai saba da irin wannan mota ba yana iya ɗora laifin a kan babban batiri, wanda kuɗinsa ya ninka na ƙaramin sau da yawa. Alhali mitar awon wuta kawai ta isa ta raba gardama. Lafiyayyen batiri da ya kwana ba a taɓa shi ba kan nuna kusan bolt 12.6. Wanda ya sauka zuwa 12 ko ƙasa da haka ya gaji. Idan aka kunna motar awon ya tashi zuwa kusan 14, to na'urar caji lafiyarta ƙalau.

Abin da ya sa yake tsada

Dalili na farko yana cikin ƙirar motar. A Prius ta waɗancan shekaru da kuma Camry da dama, ƙaramin batirin a but yake, ba a gaban mota ba. But ɗin Prius kuwa a haɗe yake da mazaunin fasinja. Saboda haka kamfanin ya sa rufaffen batiri nau'in AGM, wanda ruwansa ba ya zuba, tare da siririn tiyo mai fitar da iskar da batiri ke saki lokacin caji zuwa waje. Kawunan batirin Prius ɗin ma sun fi na batiran da suka cika kasuwa sirantaka. Kayan da masu nemansa ba su da yawa kuwa ɗan kasuwa ba ya tara shi a shago, in ya kawo kuma sai ya tsuga kuɗi.

Na biyu shi ne naira. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A ƙaddara batirin dala 100 ne: daga naira 46,000 ya koma 150,000, tun ba a sa kuɗin kwastan da na dako da ribar mai shago ba. Irin wannan batiri daga waje ake shigo da shi, don haka duk faɗuwar naira a kansa take sauka.

Na uku nisa ne. Mai mota a Gummi ko Bukkuyum sai ya aika Gusau ko Sakkwato, in bai dace ba ya nemi wani a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ko Ladipo a Legas. Hanyar Mayanci zuwa Anka da Daki Takwas har Gummi ba hanyar da ake bi a kowane lokaci ba ce. Direban da zai ɗauko saƙon yana sa kuɗin kasadarsa a ciki. Idan kuma batirin ya iso aka tarar ba shi ba ne, ko ya daɗe a ajiye, mayar da shi wata tafiya ce da wani kuɗin.

Ga kuma zafi. Ƙa'idar da masu ƙera batiri ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan digiri 25 na ma'aunin Salshiyas yana rage rabin kwanan batirin dalma. A yankin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, batiri ba zai kai shekarun da yake kaiwa a Japan ko Turai ba.

Araha ba ta ado

Mafita mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce batirin ruwa na gama-gari, a sauya kan waya a cusa shi a but. Motar za ta tashi, domin wutar da take buƙata kaɗan ce. Amma idan babu tiyon fitar da iska, iskar haidirojin da tururin asid cikin motar za su taru, kuma ruwan batirin yana iya malala a ramukan hanya ya ci ƙarfen but. Batirin da ba a ɗaure shi da kyau ba kuwa makami ne ranar haɗari. Wasu kan sayi tsohon batiri ɗan Kwatano, ko wanda aka wanke aka sake masa takarda, su yi gudun gara su faɗa gidan zago.

Duk da haka akwai hanyar rage kashe kuɗi ba tare da kasada ba. Sunan Toyota a jikin batiri ba wajibi ba ne. Abin dubawa shi ne girmansa, da gefen da kan wuta yake, da kaurin kawunan, da kafar tiyo, da ranar da aka ƙera shi. A auna shi a gaban mai shago, a karɓi rasit da garanti a rubuce. Motar da ba a hawa kullum a riƙa kunna ta a fili, ta yi kamar awa guda sau ɗaya a mako, kamar yadda reshen Toyota na Birtaniya ya shawarci masu irin waɗannan motoci lokacin kullen korona a 2020. A kuma kiyayi juya waya wajen jona batiri da na wata mota, domin kuskuren daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona fiyus da na'urar da kuɗinta ya fi na batirin nesa ba kusa ba.

Ina tsohon yake zuwa?

Mai shago yakan rage wa mai saye wani abu idan ya bar masa tsohon batiri. Dalili shi ne dalmar da ke ciki, wadda ta kai kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Daga nan batirin yakan bi hannun 'yan gwangwan. A kan zubar da ruwansa a ƙasa don rage nauyi, a kan fasa shi da gatari, wani lokaci a narka dalmar a fili.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya kuma Bagega, sakamakon ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Bagega ba ta samu kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013, bayan matsin lambar matasa irin su Hamzat Lawal da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a kan gwamnatin Goodluck Jonathan.

Dalmar batiri da ta dutsen zinare guba ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira mara illa. Rahoton UNICEF da Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da dalma a jininsa fiye da kima, ya kuma sanya fasa tsofaffin batira ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan sababi. A ƙarshen 2025 binciken New York Times da The Examination ya nuna yadda masana'antun narka batiri a Ogijo ta Jihar Ogun suka gurɓata jinin ma'aikata da mazauna garin, yayin da dalmar ke tafiya Amurka.

Batiran haibirid kaɗan ne a cikin wannan lissafi. Amma a haɗa su da na sauran motoci da babura, da na sola da shaguna da masu cajin waya suka rungumi saboda ƙarancin wuta, sai a ga girman tarin da ke zuwa. Ga shi kuma a Disambar 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Yaron Anka yana iya haɗuwa da dalma ta ƙofa biyu ke nan.

Wa ke da alhaki?

Doka ba ta rasa ba. A 2024 hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batira, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su nauyin karɓar tsofaffin. Hukumar SON ce ke da hurumin tantance ingancin kayan da ke shigowa, FCCPC kuma ta kare mai saye daga jabu. Matsalar ita ce ƙa'idar da aka rubuta a Abuja ba ta isa Gummi da ƙafarta.

Abin da gwamnatin Dauda Lawal da shugabannin ƙananan hukumomin uku za su iya yi ba mai tsada ba ne. A ware rufaffen wurin tara tsofaffin batira a kowace hedikwata, nesa da gidaje da rijiyoyi. A yi wa masu sayensu rajista, a hana zubar da ruwan batiri da fasa shi a cikin gari. A haɗa kai da ƙungiyoyin makanikai a horar da matasa gyaran motocin haibirid, ilimin da zai samar da sana'a ya kuma rage asarar masu motoci. Dillalan yankin ma za su iya haɗa oda su sayo da yawa, su rage kuɗin dako.

Tsari mai kyau na karɓar tsohon batiri yana rage wa mai mota kuɗin sabo, yana kuma nisanta dalma daga tsakar gida. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗin jiha suna da tambaya ta musamman da za su yi wa 'yan majalisar da ke wakiltar Anka da Gummi da Bukkuyum: nawa aka ware domin wannan aiki, kuma wa ke sa ido a kansa? Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani ba ya tsayawa, kuma kuɗin tsaftace Bagega ya riga ya nuna cewa rigakafi ya fi magani araha.