Tarihin Da Ke Cikin Tukunyar Gishiri

Duk wanda ya isa Keana, garin Alago da ke kudu da Lafiya a Jihar Nasarawa, ba ya rasa jin labarin gishiri. Masu tarihin garin sun ce Akyana Adi, wanda ya fito daga Kwararrafa, gishirin nan ne ya zaunar da shi a wurin. Har wa yau Osana, watau sarkin Keana, yakan tara jama'arsa a bikin Oyarore don tunawa da wannan arziki.

Aikin kuwa na mata ne. Da rani sukan kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba a tukwane masu huji a gindi, su kwarara mata ruwan gishiri ya tsatso, sa'an nan su dafa har ya ƙafe. Ba a koyon wannan a takarda. Yarinya tana tsaye gefen uwarta take gane ƙasar da ta nuna, da wutar da ta isa. Fatake sun daɗe suna kai gishirin kasuwannin ƙasar Hausa.

To, yanzu gishirin kamfani ya cika kasuwa, ga araha, aikin gargajiya kuma ga wahala ga cin itace. Baƙo ya zo biki, ya ɗaga wayar hannu ya ɗauki hoto, ya yi gaba. Hoton zai nuna tukunya, amma ba zai nuna yadda hannu ya san ta ba. In tsofaffin nan suka kau ba magaji, sanin ya tafi ke nan.

A nan ne masu fasaha ke da aiki, misali kuwa bai yi nisa ba. Ladi Kwali, Bagwariya, a ƙauye ta koyi ginin tukwane, kafin ta shiga makarantar Michael Cardew a Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, a 1954. Abin da take gani kullum shi ta riƙa zanawa a jikin tuluna: kunama, ƙadangare, kifi, hawainiya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. Ba ta nemi abin mamaki daga nesa ba, zaman gida ta adana.

Saboda haka ya kamata ɗalibai masu koyon zane da sassaƙa su ajiye waya, su je Keana su yi rani guda tare da matan nan. Su zana, su gina, su rubuta sunan kowane kayan aiki da harshen Alago. Hukumomin jiha kuma su ware ɗakin ajiye abin da aka samu, inda 'yan makaranta za su gani su taɓa. Da ma an ce gani ya kori ji.