Yamai: ina kadarkon mai tafiya ƙasa?

Daga 1970 har zuwa 2011, kadarko ɗaya tal, na Kennedy, shi ne ya haɗa tsakiyar Yamai da Harobanda. A 2011 aka buɗe na biyu, na abotar Sin da Nijar, sannan a 2021 na uku, mai sunan Janar Seyni Kountché. Duka ukun domin mota aka zana su. Mai tafiya ƙasa sai dai ya raɓe a gefe.

Alhali kuwa su wa ke ƙetare kogin Isa kowace safiya? Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni, da masu lambu ɗauke da kayan miya, da masu turin kura, da ƙananan ma'aikata waɗanda albashinsu bai isa kuɗin taksi ba. A ƙafa ɗalibai suka hau kadarkon Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka buɗe musu wuta, jininsu ya share hanyar dimokuraɗiyya. Masu tafiya ƙasa na bin ƙasar nan bashi.

Ya wajaba hukumomin birnin su sa kadarkon ƙafa cikin tsarinsu. A kafa shi inda jama'a suka saba ƙetarawa da kwale-kwale. A yi masa gangare maimakon matakala, saboda naƙasassu da masu kura. A sa masa inuwa da fitilu, a ɗaga shi sama da inda ambaliyar 2020 ta kai, a kuma ba da kwangilarsa a bainar jama'a. Tun da ba zai ɗauki kamiyo ba, nauyinsa da kuɗinsa ba za su kai na sauran ba. Abin da ya rage shi ne niyya.