Mace da Ɗaga Ƙarfe

A arewacin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, cikin gundumar Huadu, akwai wani gari ana ce da shi Shiling. Sana'ar mutanensa ɗinkin jakunkuna ce da kayan fata, har fataken Afirka su kan je can sari. Da yawa daga cikin maɗinkan mata ne, su kan wuni zaune gaban keke, baya a tanƙware, ba abin da ke motsi sai yatsu. Irin wannan mace, ko a Shiling take ko a Fagge, ita ta fi kowa bukatar ɗaga ƙarfe, ita ce kuma ta fi jin tsoronsa.

Tsoron nan guda ne, watau kada jikinta ya murɗe ya koma na namiji. Wannan kuwa ba shi da tushe. Abin da ke kumbura tsokar namiji wani sinadari ne cikin jini, sunansa testostiron, wanda na namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye. Saboda haka mace ta kan sami ƙarfi ƙwarai ba tare da siffarta ta sāke ba. Har ma cikin makonnin farko ƙarfin da take ji ba daga girman tsoka yake zuwa ba. Jijiyoyi ne ke koyon kai saƙon ƙwaƙwalwa da kyau.

Amma babban dalili yana cikin ƙashi. Tun 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara ƙwari gwargwadon nauyin da aka aza masa, in an bar shi ba aiki sai ya yi rauni. Ƙashin mutum ya kan kai matuƙar ƙwarinsa wajen shekara 30. Sa'ad da haila ta ɗauke wa mace, nata ya kan riƙa zaizayewa da sauri, har 'yar faɗuwa a tsakar gida ta karya mata ƙugu. Matan Hausa na dā ba su san Wolff ba, amma taɓarya da guga da tulu sun yi musu wannan aiki. Yanzu inji ke niƙa, famfo ke kawo ruwa. Hutu ne, babu mai musu, sai dai ƙashi bai sami magajin taɓarya ba. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawararta ta 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Masu cewa abin bai dace da mata ba sun makara. An shigar da ɗaga nauyi na mata cikin wasannin Olamfik a Sidni cikin 2000, inda Chen Xiaomin, 'yar lardin Guangdong, watau lardin da Shiling ke ciki, ta ci zinariya, Ruth Ogbeifo ta Nijeriya kuma ta ci azurfa a wani ajin.

To, yaya sabuwar shiga za ta fara? Hanyar da ta fi inganci daga asibiti ta fito. Cikin 1945 Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka, ya nuna yadda ake mayar wa sojojin da suka yi rauni ƙarfinsu ta ƙara musu nauyi kaɗan kaɗan. Mace ta zaɓi ƙarfen da za ta iya ɗagawa sau 10 ba tare da bayanta ya lanƙwashe ba, ko da kilo 2 ne. Ta yi, ta huta, ta maimaita har zagaye 3. Tsugunne da miƙewa, da turawa, da jawowa sun isa. In ya yi mata sauƙi, sa'an nan ta ƙara. Kada ta dubi abin da ta kusa da ita ke ɗagawa, gama gasa ita ke jawo targaɗe. Ta bar kwana ɗaya tsakani, don cikin hutu tsoka ke ginuwa.

Ciwon jiki da ya zo bayan kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, zai wuce. Wanda ya soki gaɓa nan take kuwa alama ce a dakata. Mai juna biyu, da mai hawan jini, su ga likita tukuna.