RNA Ba Ɗan Aike Ba Ne Kawai

A makaranta an koya mana cewa DNA ke ba da umarni, RNA kuwa ɗan aike ne. Darasin nan na bukatar gyara.

Wasu nau'o'in Arabidopsis, tsiro dangin kabeji, kan jinkirta fure sai sun sha sanyin hunturu, domin ƙwayar gado mai suna FLC na taka musu birki. A 2009, masana a Cibiyar John Innes ta Ingila sun gano cewa sanyi na ƙara yawan wani RNA, COOLAIR, mai taimakawa wajen rufe bakin FLC. Daga nan kuromatin, wato ƙunshin DNA da furotin, kan ƙulle wurin har bayan sanyi ya wuce.

Tsiron ya riƙe labarin hunturu ke nan, alhali ko harafi ɗaya na DNA bai sauya ba. Yanzu da duniya ke ɗumama, masanin iri da ya tsaya ga DNA kaɗai rabin karatu ya yi.