Wuƙar Farauta Daban, Wuƙar Burga Daban

Kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, lokacin farauta ya kama. Kwanan nan za ku fara ganin samarinmu na Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos suna cika motoci da karnuka, kowa da abin da ya soke a ƙugu. To maganata a kan abin da ke ƙugun nan ne. Galibin wuƙaƙen da yaranmu ke ɗauka da sunan farauta ba na farauta ba ne. Ba su iya yanka ba, ba su iya fiɗa ba, na burga ne kawai. Duk wanda ya ji haushi ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, sannan ya zo mu yi magana.

Kun san irin wadda nake nufi. Doguwa kamar takobi, tsini kamar mashi, bayanta da haƙora irin na zarto, ƙotar roba mai rami a ciki. Tun da fim ɗin Rambo ya fito a 1982 ake kwaikwayon wannan siffa, har yau ana jibgo mana ita a kwali. A yawancinsu ƙarfen bai ratsa ƙotar ba, ɗan guntu ne aka liƙa, da ta gamu da ƙashi sai ta ɓalle. Wasu kuma barho suke ratayawa, wai za a je kamun zomo. Haba! Zomon nawa yake?

Mu fara da addini, don shi ne gaba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san yanka shi ne a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kuma ba a ɗaga hannu sai an gama. A zahirin littafin, wanda ya yanke rabi ya ɗaga hannu sannan ya koma ya ƙarasa, ba a cin wannan nama. Yanzu ka ɗauki dakusasshiyar wuƙa ka ɗora a wuyan gada. Kana gurzawa, tana shure-shure, ka ɗaga ka gyara, ka sake komawa. Me ka kawo wa iyalinka? Hadisi na 17 a cikin Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, umarni ne a wasa wuƙa a hutar da dabba. Kuma a Mukhtasar na Shehu Halilu an yi bayani cewa maharbin da ya riski dabba da sauran ranta, ta mutu kafin ya yanka saboda ya bar wuƙarsa a hannun wani ko a cikin jaka, wannan sakaci ne, naman bai halatta ba. Ashe ke nan wuƙar da ake buƙata a daji ita ce mai kaifi, mara nauyi, wadda za ka zaro nan take.

Sai fiɗa. Wuƙa mai tsini ba ta raba fata da nama, huda ta take yi. Wurin farka ciki kuwa, tsinin kan tsokale tumbi ko hanji ko maɗaciya, ƙazanta ta malale a kan nama, kafin a iso gida da yamma ya fara wari. Tsofaffin mafarauta da mahauta sukan sa yatsu biyu ƙarƙashin fata, kaifin na kallon sama, sauran aikin kuma da dunƙulen hannu ake tura shi. Kada wani ya ce ai fatar naman daji ba ta da kasuwa. Hannun da ya saba ɓarna a daji shi ne dai zai feɗe ragon layya ranar Babbar Sallah. Ku tambayi masu sayen fata: da sun ɗaga ta sun ga huji, kuɗinta ya faɗi, domin majemun Challawa da Sharaɗa a Kano ba sa biyan kuɗin lafiyayya a kan hudajjiya, dukawan Naraguta ma ba za su yanka jaka mai kyau daga gare ta ba. Rago mai tsada, fata ta tafi a banza saboda wuƙar gayu.

Akwai kuma lafiyar jiki, wadda mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa sani. A 1969 aka fara gano zazzaɓin Lassa, kuma nan garin aka kawo mara lafiyar daga ƙauyen Lassa na ƙasar Borno, a asibitin Jankwano ta rasu. A 1970 wata likita Ba'amurkiya a wannan asibiti, Dakta Jeanette Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta bi. Likita ce fa, mai ilmin abin. Cutar nan a jikin wani nau'in ɓera take zaune, ga yaranmu suna cinna wa daji wuta suna kama ɓeraye da gafiya suna feɗewa da hannu tsirara. Ƙotar roba in ta jiƙe da jini santsi take yi, hannu ya zame ya sauka kan kaifi. Jinin dabba ya haɗu da naka, shi ke nan.

To wace za a saya? Biyu ne, kuma kuɗinsu a haɗe ba lalle ya kai na waccan ɗaya ba. Ta yanka: kaifi ɗaya, miƙaƙƙiya, tsawon ruwanta ya wuce faɗin wuyan abin da za ka yanka. Ta fiɗa: gajera, inci 4 zuwa 5 ya isa, mai ciki, bakinta a lanƙwashe ba tsini. Ka duba ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe, ƙotar ta katako mai ɗan kaushi. Maƙeranmu suna ƙera irinta da sifirin na mota, tana ɗaukar wasa da wuri a kan dutse. Aibinta tsatsa, maganinsa ka wanke, ka goge, ka shafa man gyaɗa, ka mayar da ita kube na fata. In ba ta aske gashin hannunka ba, ba ta isa zuwa daji ba.

Na san amsar da za a ba ni. Wasu za su ce farauta gadonmu ce. Ƙwarai kuwa, ba wanda ya ce a bari. Amma je ka wurin kowane dattijon maharbi ka ce ya nuna maka wuƙar da yake fiɗa da ita, za ka ga 'yar ƙarama, wasa ya cinye rabinta. Gadon a iya aiki yake.

Wasu za su ce ai Jos ce, dole mutum ya kare kansa. Ba wanda zai koya mana abin da ya faru a 2001 da 2008 da 2010, mun binne 'yan uwa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Wuƙar nan da aka saya don farauta, bayan an dawo ba a ajiye ta. Tana bin yaro majalisa, tana bin sa gidan biki, ranar da gardama ta kaure a kan budurwa ko waya sai ta sauka a cikin ɗan maƙwabci. Wannan shi ne sara-suka, kuma gawarwakin mu ne muke sallatarsu, iyayen mai kisa da na mamaci a sahu ɗaya. Sannan ga masu kiranmu baƙi, alhali kakanninmu sun zo haƙar kuza sama da shekara ɗari, kullum suna neman abin nunawa. Yaro ɗaya da aka kama da barho a shingen bincike ya ba su hujja a kan unguwa guda.

Saboda haka kira na farko gare mu 'yan kasuwa: ribar wannan kaya ba ta kai jinin ɗan wani ba, a daina saro ta. Iyaye, ku shiga ɗakin samari ku ɗaga katifa, ba cin fuska ba ne, haƙƙinku ne. Shugabannin mafarauta, kafin mota ta tashi a duba ƙugun kowa, wanda wuƙarsa ba ta yanka ba ta fiɗa ya sauka. A cikin gari wuƙa ta zauna a kube cikin jaka, sai an shiga daji ta hau ƙugu. 'Yan uwana limamai, mu sa babin yanka da farauta a karatun bayan Magariba kafin ranin nan ya yi nisa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ciyar da mu halal, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.